Ciwon Ɗa: Azaba Ce Ga Iyaye Ko Jarrabawa?

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imominsa waɗanda ba su ƙirguwa, muna kuma yin salati ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ba a cika tattauna ta a zaure ba, amma tana nan tana cin zukatan bayin Allah a cikin ɗakuna. Mas'alar kuwa ita ce: idan Allah ya ɗora wa yaro ƙarami wani baƙon ciwo wanda mutanen gari ba su saba gani ba, mene ne matsayin iyayensa? Shin alhakin wani zunubi ne ya kama su? Wane irin haƙuri ne Shari'a ta nema daga gare su? Kuma mene ne haƙƙinsu a kanmu?

CIWON DA KE CIN FUSKA

Don kada magana ta tsaya a iska, bari mu ɗauki misali guda daga ƙasarmu. Akwai wani ciwo da likitoci ke kira noma. Sunan ya yi kama da namu na aikin gona, amma babu abin da ya haɗa su. Kalma ce ta Girkanci mai ma'anar cinyewa. A ƙauyukanmu wasu na ce masa ciwon daji, wasu ciwon iska, wasu kuma zaizayar baki. Yawanci yara 'yan shekara 2 zuwa 6 yake kamawa, watau waɗanda ba a daɗe da yaye su ba, musamman idan tamowa ta raunana su, ko kuwa sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Yakan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, sa'an nan kunci ya kumbura, wurin ya yi baƙi, naman ya mutu. Cikin mako biyu yana iya cinye leɓe da kunci da hanci, har ya taɓa ƙashi. Ba a ɗaukarsa daga wani zuwa wani.

A ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998, yara wajen 140,000 ke kamuwa da shi a kowace shekara, kuma 9 daga cikin 10 na waɗanda ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Wanda ya rayu kuwa yakan tashi da rami a fuska, yawu na zuba, wani ma muƙamuƙinsa ya ƙage har ba ya iya buɗe baki, sai a riƙa ɗura masa kunu ta ɗan wurin da ya saura. A Sakkwato an buɗe asibiti na musamman domin masu wannan ciwo a 1999, kuma daga 2014 ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta shiga taimaka masa, aka riƙa yin magani da tiyata kyauta. A 1998 ɗin da aka yi wancan ƙiyasi babu wanda ya kula da shi sosai a duniya. Sai a Disambar 2023, bayan ƙoƙarin da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su.

Daga Talata Mafara zuwa Sakkwato tafiya ce ta fiye da kilomita 100. Ga mai mota wannan ba kome ba ne. Amma ga matar da ke wani ƙauye a ƙasar Maradun ko Bakura, wadda sai ta nemi izinin miji, ta nemi kuɗin mota, ta nemi wanda zai riƙe mata sauran yara, sa'an nan ta bi hanyar da ake fargabar 'yan bindiga, wannan tafiya tana iya zama kamar ta zuwa Makka.

KAYA UKU A KAN MUTUM ƊAYA

Iyayen irin wannan yaro kaya uku suke ɗauke da su. Na farko na jiki da dukiya ne. Uwa ba ta barci, tana wanke miki, tana fama da yaron da ba ya iya tauna tuwo. Uba ya sayar da akuya, ya sayar da damin gero, wani ma ya jinginar da gona. Ko da an kai asibiti an tsayar da ciwon, gyaran fuska ba a yin sa rana ɗaya. Sau da yawa sai an jira yaro ya yi ƙarfi, a yi aiki, a koma gida, a sake dawowa, har shekaru su shuɗe.

Kaya na biyu na zuciya ne, watau ganin ɗan da ka haifa da kyakkyawar fuska yana narkewa a gabanka, ba ka san sunan abin da ke cin sa ba. Na uku kuwa shi ne bakin mutane, kuma masu jinya da yawa za su gaya maka cewa ya fi sauran biyun nauyi. Wannan ta ce uwar ce ta fita da almuru ta gamu da iska. Waccan ta ce kishiya ce ta yi jifa. Wani ya ce a binciki uban, ba banza ba, akwai haƙƙin wani a kansa. Maƙwabta su hana 'ya'yansu cin abinci da shi a kwano ɗaya. Daga nan sai a rufe yaro a ƙuryar ɗaki, a yafa masa zane in baƙo ya shigo. Ciwo daga Allah yake, amma wannan kaya na uku mu muka ɗora shi da hannunmu.

SHIN AZABA CE?

Malaman lugga sun ce kalmar ibtila'i a Larabci ma'anarta gwaji, kamar yadda maƙeri ke sa zinariya a wuta don a san ta gaske. Ba ta nufin horo. Allah Maɗaukaki ya sanar da mu a Suratul Baƙara, aya ta 155, cewa lalle zai gwada bayinsa da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, kuma waɗanda aka yi wa wannan magana muminai ne. A Suratul An'am, aya ta 164, an kafa ƙa'idar cewa ba a ɗora wa wani rai laifin wani. Yaro ɗan shekara 3 ba a fara rubuta masa zunubi ba, kuma adalcin Allah ya wuce a ce an ci fuskarsa don ubansa ya ci amanar wani a kasuwa.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin gidan Annabi (S.A.W.) kansa. 'Ya'ya bakwai Allah ya ba shi, shida daga cikinsu suka rasu yana raye, Nana Faɗimatu kaɗai ta saura bayansa. Da mutuwar ɗa ko ciwonsa alamar fushin Allah ce, da ba a gan ta a wannan gida ba. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, bai ko cika shekara 2 ba, aka yi husufin rana. Mutane suka fara cewa rana ta yi duhu ne saboda mutuwar ɗan Annabi. Magana ce ta girmamawa, amma duk da haka ya tsaya ya gyara musu, ya nuna cewa rana da wata ba su husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. To, in har an hana mu fassara ikon Allah da zato ko da ta fuskar yabo ne, ina ga fassara shi ta fuskar zargi?

Wani mai ilimi zai ce: ai a Suratush Shura, aya ta 30, an nuna cewa masifar da ke samun mutane sakamakon aikin hannuwansu ce. Gaskiya ne, kuma ba mu kauce wa ayar ba. Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, wannan madubi ne da aka ba kowane mutum ya duba kansa ya tuba. Ba a ba shi don ya haska fuskar maƙwabcinsa ba, domin sanin dalilin da ya sa aka jarrabi wane da wane yana cikin gaibu, kuma faɗin abin da ba a sani ba game da Allah babban laifi ne. Na biyu, ayar da jam'i ta yi magana. Idan lalle sai mun nemi hannuwan da ke cikin wannan ciwo, to mu neme su da gaskiya. Ciwon noma ya taɓa zama sananne a ƙasashen Turai. Da abinci ya wadata, tsabta ta ƙaru, aka sami magunguna, sai ya ɓace. Bai sake bayyana da yawa ba sai a sansanonin da Hitila ya tsare mutane da yunwa a Yaƙin Duniya na Biyu. Turawa ba su fi mu tsoron Allah ba, aljannu kuma ba su yi ƙaura daga Turai ba. Yunwa ce ta tafi, ciwon ya bi ta.

Yanzu mu dubi kanmu. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 domin ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ta ci da kanta ta ciyar da wasu. A ce a irin wannan ƙasa ta shinkafa da gero da wake ake samun yaran da tamowa ta kwantar, wannan abin tambaya ne. Wanda ya ɗauki bindiga ya hana manomi zuwa gonarsa yana da hannu. Wanda aka damƙa wa amanar jama'a ya ci yana da hannu. Wanda ya hana a yi wa yara allurar rigakafin ƙyanda da jita-jita yana da hannu. Mai rumbu cike wanda ya san maƙwabcinsa ya kwana da yunwa yana da hannu. Haka abin ya kasance a 2010, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta bar waɗansu da taɓuwar ƙwaƙwalwa. Da aka bincika sai aka tarar ƙurar duwatsun zinariya ce da ake niƙawa a cikin gidaje. Kowane ciwo yana da sababi, kuma sau da yawa sababin ya fi ƙarfin uwa guda mai goyo.

HAƘURIN DA AKA NEMA

Asalin kalmar sabr a Larabci shi ne ɗaurewa ko tsarewa. Mai haƙuri shi ne wanda ya ɗaure zuciyarsa daga fushi da hukuncin Allah, ya ɗaure harshensa daga mugun furuci. Ba a ce ya ɗaure idonsa daga hawaye ba, ba a kuma ce ya ɗaure ƙafarsa daga zuwa asibiti ba. Annabi (S.A.W.) ya rungumi Ibrahim yana kan gargarar mutuwa, idanunsa suka zubar da hawaye, da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. Annabi Yaƙuba ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari, bai kuwa fita daga cikin masu kyakkyawan haƙuri ba, domin ga Allah ya kai kukansa. Saboda haka wanda ya ga uwa tana kuka a kan ɗanta ya daka mata tsawa wai ba ta da tawakkali, ya jahilci Sunna.

Neman magani kuwa umurni ne. Imamu Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa babu cutar da Allah ya saukar face ya saukar da maganinta. Sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji labarin annoba, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya amsa da cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata, ya buga masa misali da makiyayin da ke da zaɓi tsakanin gefen kwari mai ciyawa da gefe busasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Magabatanmu ma a nan ƙasar haka suka fahimta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai a kan ilmin magani, haka kuma Malam Muhammadu Tukur, almajirin Shehu wanda ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Mafara, ya yi rubutu a wannan fanni.

A ciwon noma jinkiri shi ne ajali. Idan aka kai yaro tun dasashi yana jini, baki yana wari, ko kunci ya fara kumburi, to maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna iya tsayar da shi, fuska ta tsira. Idan aka ƙara 'yan kwanaki ana jiƙe-jiƙe da turare, naman da ya mutu ba ya dawowa. A nan nake kira ga 'yan'uwana malamai, domin mu ake fara kawo wa yaro kafin likita. Addu'a gaskiya ce, tofi da ayoyin Allah ya tabbata a Sunna. Amma malamin da ya ga irin wannan baki ya karɓi sadaka ya ce a dawo bayan kwana 7, bai ce a garzaya asibiti yau ba, ya ci amana, kuma za a tambaye shi. A yi addu'ar a bakin mota.

Waɗansu iyaye kuma suna shakkar tiyata, suna tsoron kada ta zama canja halittar Allah. Amsar tana cikin labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin Jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi (S.A.W.) ya umurce shi ya sa na zinariya, alhali kuwa zinariya haramun ce ga maza. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Daga nan malamai suka fahimci cewa mayar da gaɓa yadda Allah ya halicce ta magani ne halattacce.

WA ZAI ƊAUKI MAI JINYA?

A mafi yawan gidaje jinya a kan uwa take faɗawa, in ta gaza sai kaka. Akwai mazajen da ke tsayawa tsayin daka, Allah ya saka musu. Amma akwai waɗanda in ciwo ya daɗe sai su ɗauke ƙafa daga ɗakin, wani ma ya sallami matar ta tafi gidansu da ɗanta, kamar ita kaɗai ta haife shi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uba, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Namijin da ke ganin zaman jinya ƙasƙanci ne, ya tuna da Sayyidina Usman. Bai halarci yaƙin Badar ba, domin Annabi (S.A.W.) ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, aka kuma ba shi lada da rabon wanda ya halarta. Zaman gefen tabarmar majinyaci aka auna da Badar. Wane aiki ne uba zai ce ya fi wannan?

Mu kuma maƙwabta, Suratul Hujurat, aya ta 11, ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi. Yaron da aka laƙaba wa suna saboda fuskarsa yakan manta zafin miki, amma ba ya manta sunan. Suratun Nur, aya ta 61, ta ɗauke ƙunci game da cin abinci tare da makaho da gurgu da majinyaci. Suratu Abasa kuwa ta sauka ne saboda makaho guda, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladani, har akan bar masa riƙon Madina. Don haka malamin allo da na boko su karɓi irin wannan yaro, su zaunar da shi cikin 'yan'uwansa, su hukunta mai yi masa dariya. Ciwon ya ci fuska ne, bai ci basira ba. Ga Mulikat Okanlawon, wadda noma ya kama tana ƙarama aka yi mata aiki a Sakkwato: ta girma ta yi aiki a wannan asibiti, ta kuma kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar farko ta waɗanda suka tsira daga ciwon.

Dubiya ma a gyara ta. Ba a zuwa don a leƙa a sami abin faɗi. A tafi da ƙwaryar wake ko ƙuli-ƙuli ko ƙwai, a ɗebo wa uwar ruwa, a riƙe mata yara ta runtsa, a haɗa kuɗin mota bayan sallar Juma'a. Kula da majinyacin da danginsa suka gaza farilla ce ta kifaya. In kowa ya bari, kowa ya yi laifi. Masu hukunci kuma su tuna da Sayyidina Umar, wanda da ya gane mata suna gaggauta yaye don ba a yanka wa yaro rabo daga Baitulmali sai an yaye shi, ya sauya doka ya mai da rabon tun daga ranar haihuwa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Zamfara da masu hannu da shuni suna da abin koyi a nan: kuɗin motar da zai kai yaro Sakkwato a kan lokaci ya fi buhun da za a raba ranar zaman makokinsa.

GA WAƊANDA ABIN YA RIGA YA WUCE

Saura waɗanda suka binne nasu, ko waɗanda suka gane ciwon bayan ya gama ɓarna. Irin waɗannan iyaye zuciya takan tashe su da dare tana cewa da kin kai shi da wuri, da ka sayar da saniyar tun farko. Imamu Muslim ya ruwaito hadisin da ya umurci mumini ya yi ƙoƙari a kan abin da zai amfane shi, in kuma abu ya riga ya faru ya bar faɗin "da na yi kaza", domin ƙofa ce ta Shaiɗan. Kafin aukuwa, a yi sababi kamar babu ƙaddara a rubuce. Bayan aukuwa, a miƙa wuya. Wanda bai san alamun ciwo ba, ko ya sani bai sami hali ba, Allah ba ya kallafa wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar. An kuma yi wa iyayen da ƙananan 'ya'yansu suka rasu suka yi haƙuri bushara, a hadisai ingantattu, cewa 'ya'yan za su zame musu kariya daga Wuta. Daren da aka kwana ana jinya, da kunun da aka ɗura da cokali, da kunyar da aka haɗiye a kasuwa, babu wanda ya ɓace a wurin Allah.

Muna roƙon Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya ƙarfafi masu jinyarsu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa ƙasarmu zaman lafiya manomi ya koma gonarsa, ya kuma tsare harsunanmu daga ƙara wa wanda aka jarraba nauyi. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.